Filin Tambaya da Amsa: Zan Koma Legas, Wace Unguwa Zan Kama Haya?

Wasiƙun wannan mako duk a kan Ikko suka faɗo. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, ga amsoshinmu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Victoria Island. Ina da mata da 'ya'ya uku. Wasu sun ce in kama gida a Agege don can ne 'yan uwa Hausawa suke, wasu sun ce Ajah ta fi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka tambayi inda Hausawa suke, fara tambayar ruwa nawa ne tsakanin gidanka da ofis. Legas gari ne da ruwa ya raba biyu. Akwai ɓangaren tudu, inda Agege da Ikeja da Mushin da Yaba da Surulere suke, akwai kuma ɓangaren tsibiri, inda Ikoyi da Victoria Island suke, har ya miƙe zuwa Lekki da Ajah. Manyan gadoji uku ne ke haɗa su: Carter da Eko da Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. Da asuba kowa tsibiri ya nufa, da yamma kowa tudu ya nufa, kuma ta waɗannan gadoji dai za a bi.

Agege ta cancanci yabon da ake mata. Hausawa sun kafu a can tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatan Juma'a da Islamiyyu, mayankar Oko-Oba na kusa, uwargida ba za ta rasa dawa da kuka da daddawa ba. Ƙasarta ma ta fi ta tsibiri tudu nesa ba kusa ba. Amma daga can zuwa wurin aikinka kimanin kilomita 30 ne, kuma a lokacin cunkoso tafiyar takan ci awa biyu, wani lokaci uku. Wanda ya zaɓi haka zai riƙa fita kafin a kira assalatu, ya dawo yara sun yi barci. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 ya kawo sauƙi, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, sai dai a Oyingbo yake ƙarewa, daga nan sai ka nemi motar da za ta haye da kai. Duba jadawalinsa ka gani ko ya dace da lokacin tashinku daga aiki.

Ajah kuwa babu gadar da za ka haye irin waɗancan, amma kusan babbar hanya ɗaya ce tal, titin Lekki zuwa Epe, kuma ita manyan motocin da ke zuwa matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki ke bi. Tirela ɗaya ta faɗi, an tsaya ke nan. Ga matsalar ambaliya da ruwan sha da za mu yi bayani a ƙasa.

A ganinmu, mai iyali da ke aiki a Victoria Island ya fara duba tsakiya: Yaba, Ebute Metta, Surulere ko Gbagada. Gadojin shiga tsibiri na kusa da kai, makarantu da asibitoci na nan birjik. In kana son kusanci da 'yan uwa, Idi-Araba tana maƙwabtaka da Surulere, Hausawa sun cika ta, asibitin koyarwa na LUTH ma a nan yake, sai dai ka nisanci layukan da ke bakin babbar magudanar ruwa. Obalende ta fi kowacce kusa da ofishinka kuma akwai mutanenmu, amma akwai hayaniya da matsatsi. Ka zo kai kaɗai tukuna, ka sauka wajen wani na wata guda. Duk unguwar da ta kwanta maka, ka gwada tafiya daga can zuwa ofis ranar Litinin da ƙarfe shida na safe, ka gwada komawa ranar Juma'a da yamma. Gwajin ranar Lahadi ba ya nuna komai.

Tambaya: Dillali ya turo wa maigidana bidiyon wani gida mai kyau a yankin Lekki, ya ce in ba a biya cikin mako guda ba wani zai kama. Ni kuma ina jin labarin ambaliya, hankalina bai kwanta ba. Yaya ake gane gidan da ruwa ke shiga? (Daga wata uwargida a Kano)

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya. Biyan haya a kan bidiyo cinikin biri a sama ne, kada a tura ko sisi sai wani naku ya taka ƙafarsa cikin gidan.

Ga yadda ruwan Legas yake. Damina takan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Yawancin Lekki fadama ce da yashi da aka cike aka yi gini, tsayinta kaɗan ya ɗara na teku. Magudanan unguwa a tafkin Legas suke zubarwa, to idan aka yi ruwa mai ƙarfi daidai lokacin da teku ya cika ya turo, ruwan kwata ba shi da wurin zuwa, sai ya dawo kan titi ya jira teku ya janye. Shi ya sa layin da ke ƙura a Janairu yake zama kogi a Yuni. Mafi kyau a je ganin gida washegarin ruwa mai ƙarfi. In da rani ne, gidan da kansa zai ba da shaida:

A dubi gindin katanga ta waje, ta gidan da ta maƙwabta. Ruwan da ya kwanta yakan bar zane miƙaƙƙe, ƙasansa ya fi duhu. In an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, wani abu aka rufe. A cikin ɗaki a shafa bango kusa da daɓe: fenti mai kumbura, ko farin gari kamar kanwa da ke biyo hannu, alamar danshi ne mai tasowa daga ƙasa. A buɗe durowar kicin ta ƙasa a shinshina, a duba ko katakon ya kumbura. A lura ko titi ya fi tsakar gida tudu, domin idan aka ɗaga titi, tsoffin gidajen gefensa su ke karɓar ruwan. Dakalin siminti da aka gina a bakin ƙofa, da janareta da aka ɗora a kan bulo uku, da soket ɗin lantarki da aka mayar sama, duk ba ado ba ne. Sannan a bar dillali a mota, a je wajen mai shago ko maigadin layin, sau da yawa ɗan Arewa ne, a tambaye shi da Hausa ina ruwa ya kai bara.

Sai ruwan famfo. A tara a farin bokiti a bar shi ya kwana. In ya koma rawaya ko ja, akwai sinadarin ƙarfe a ciki, zai ɓata fararen kaya da tayil, amma injin tacewa na maganinsa muddin ana kula da shi. In kuwa an ɗanɗana an ji gishiri-gishiri, ruwan teku ne ya kutso cikin rijiyar burtsatsen, kuma matata ta gama-gari ba ta cire gishiri, sai na'ura mai tsada ko sayen ruwan tanka. A tambayi nisan rijiyar da sokawe. Inda ruwan ƙasa ke kusa, sokawe kan cika da damina, ƙazanta ta tsiyaya cikin rijiya, daga nan taifot ta samu ƙofa. In da hali, a ɗauki bene na sama.

Tambaya: Ni matashi ne daga Katsina, zan riƙa kawo tumatir da albasa kasuwar Mile 12, in kasuwa ta yi sanyi kuma in taɓa acaɓa. Ina zan zauna?

Amsa: Ɗan uwa, zauna kusa da kasuwarka, Ketu ko Mile 12, ko Ikorodu in kana son haya mai sauƙi, tunda manyan motocin bas na haya da ake kira BRT na bin hanyar. Amma ka kiyayi layukan da ke gangaren kogin Ogun, irin su Agiliti da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu. A can ko ba a yi ruwan sama ba ambaliya na zuwa, idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke jihar Ogun, galibi wajen Satumba da Oktoba. Maganar acaɓa kuma ka cire ta daga lissafi. Tun 1 ga Yunin 2022 an haramta ta a ƙananan hukumomi shida, a Satumban shekarar aka ƙara huɗu, har da Kosofe wadda kasuwar ke cikinta. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi.

Tambaya: An ce mini haya naira miliyan ɗaya, da na zo biya sai lissafi ya kusa miliyan ɗaya da rabi, wai kuma shekara biyu ake so. Haka dokar take? (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, kuɗin haya daban, jelarsa daban. Abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 la'adar dillali, wani kashi 10 na rubuta yarjejeniya, sai kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar maka ranar tashi. Dillalai da yawa kan zarce haka, musamman a ƙananan ɗakuna, don haka ka nemi jimillar komai a rubuce tun farko. A rukunin gidaje masu get akwai kuma kuɗin hidima na shekara, na tsaro da shara da man janareta.

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta hana shi ma ya bayar, ta kuma wajabta a ba shi rasit. Mai biyan shekara-shekara wata shida ake ba shi na notis, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, saboda haka karanta ta kafin ka sa hannu. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island ba. Ka bincika ko dillalin na da rajista da LASRERA, hukumar jihar mai sa ido kan dillalan gidaje, ka ga mai gidan ido da ido, ka biya ta banki cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya. Damfarar da ta fi yawa ita ce a karɓi kuɗin mutum goma a kan ɗaki ɗaya, musamman a ginin da ba a gama ba. Ka tambayi mitar wutar lantarki: mai kati ce, taka ce kai kaɗai, akwai tsohon bashi a kanta? Layin da kamfanin wuta ya sa a rukunin farko, wato Band A, ya fi samun wuta, kuɗinsa kuma ya ninka na sauran tun Afrilun 2024. Ginin da ya hau kan magudanar ruwa, ko wanda ka ga jan fentin hukuma a katangarsa, bar shi komai arharsa, rusau na iya zuwa kafin shekararka ta cika.

Tambaya: Daga Sakkwato za mu taso. Gaskiya ne iskar teku na lalata kaya?

Amsa: Gaskiya ne, kuma gwargwadon kusancinku da bakin teku gwargwadon ɓarnar. Iskar na ɗauke da gishiri, shi ke cin ƙarfen taga da kwaɗo da injin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje da ƙarƙashin mota. A riƙa wanke ƙasan mota da ruwa mai daɗi, a ɗauraye injin na waje duk wata bayan an kashe wuta, a shafa wa ƙarafa fentin hana tsatsa.

Danshi kuwa duk garin ne, har Agege. Wanda ya saba da bushewar Sakkwato zai ga fumfuna ta hau takalmin fata da jaka cikin makonni kaɗan na damina. A janye kabad da gado daga bango kamar faɗin tafin hannu, kada a shimfiɗa katifa a daɓe, a nemi ɗaki mai taga biyu masu kallon juna. Shadda da leshin da ke cikin akwati a riƙa fito da su shan iska duk ranar da rana ta buɗe. Kilishi da kuka da kuɓewa busasshiya da garin tuwo a zuba su a mazubi mai murfi gam, kuma kada a yi sayen buhu-buhu irin na gida, domin hatsin da ke shekara lafiya a rumbun Arewa a nan wata biyu zuwa uku ya isa ya fara wari da ƙwari.