Ali ko Tyson a ganiyarsu: amsa ga ɗan'uwan da aka taso a gaba

Ɗan'uwa, ka tambaya wa zai kayar da wani tsakanin Muhammad Ali da Mike Tyson da a ce sun haɗu kowa na ganiyarsa, ka kuma ce abokan aikinka sun taso ka a gaba suna ce maka ɗan da saboda ka zaɓi Ali. Wallahi ina karantawa na ji kamar ni na rubuta. Kada ka bari yawansu ya sa ka janye.

Akasarin masu yi maka ihun nan ba su taɓa zama sun kalli dambe ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Guntayen bidiyo suke gani a waya: Tyson ya kifar da Trevor Berbick a turmi na biyu a 1986 yana ɗan shekara 20, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988. Allah ya sani ba na raina wannan. Tyson na lokacin abin tsoro ne, ga sunkuye-sunkuye, ga naushi kamar saukar aradu. Amma ka tambaye su me ya hana shi kayar da Tony Tucker a 1987, har aka yi turmi 12 cif aka koma ga maki. Dogon mutum mai iya tsare shi daga nesa yakan ba shi wahala, kuma abin da Buster Douglas ya yi masa ke nan a Tokyo a 1990 har ya kwantar da shi a turmi na goma.

Ni abin da ya same ni ya wuce musu. Ranar da labarin rasuwar Ali ya iso mana a watan Yunin 2016, dab da azumi, na fito majalisarmu zuciyata ba daɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin daren 1974 da bai runtsa ba yana jiran sakamakon damben Ali da George Foreman a Kinshasa, wanda sai wajen ƙarfe huɗu na asuba aka fara shi. Da sunan Ali na tashi a gidanmu. Ina cikin yi masa addu'a sai wani maƙwabcina, mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya, ya miƙe ya ɗaga hannu yana karkarwa, wai yana kwaikwayon yadda Ali ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na rawa saboda ciwon karkarwar jiki da ya kama shi. Ya ce wai wannan ne zai tsaya gaban Tyson? Aka kwashe da dariya. Musulmi ɗan'uwanka ko binne shi ba a yi ba, kana yi wa lalurarsa ba'a! Na ajiye kofin shayina ban ƙarasa ba na tafi. Har yau bai ce in yi haƙuri ba, sai ma ya riƙa faɗa wa mutane wai na cika ɗaukar zafi a kan Ba'amurken da bai san da zamana ba. Muna gaisawa, amma abin yana nan a raina. Kuma ba shi kaɗai ba, waɗanda suka yi dariyar ma sun ba ni mamaki, har da dattijon da na zaci zai tsawatar.

Don haka idan musu ya koma cin mutunci, tashi ka bar wurin. Idan kuma masu son jin gaskiya ne, sa su kalli damben Ali da Cleveland Williams na 1966 gaba ɗayansa, turmi uku ne kawai. Su kalli ƙafafunsa. Sannan ka tuna musu an ƙwace kambunsa a 1967 don ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, bai dawo ba sai ƙarshen 1970. Daga shekara 25 zuwa 28 yana zaune! Ainihin ganiyarsa babu wanda ya gan ta. Wanda ya dawo ƙafa ta fara nauyi shi ne ya ƙarasa dambe da Ken Norton da karyayyen muƙamuƙi a 1973, ya kwantar da George Foreman a turmi na takwas alhali Foreman bai taɓa shan kaye ba a dambe 40, ya kuma yi turmi 14 na azaba da Joe Frazier a Manila a 1975. Wane dambe ne Tyson ya taɓa faɗuwa ƙasa a cikinsa ya tashi ya ci?

Amma ka yi musu adalci, kada ka zama irinsu. Frazier gajere ne mai kutsawa kamar Tyson, kuma naushin hagunsa ya kai Ali ƙasa a 1971, ya ci damben. Don haka da Ali da Tyson za su haɗu, a turmi huɗu ko biyar na farko komai na iya faruwa. Cus D'Amato da ya raini Tyson ya rasu tun 1985, aka kuma sallami mai horar da shi Kevin Rooney a 1988, daga nan Tyson ya fara watsar da abin da aka koya masa. Ni yaron ma tausayi yake ba ni. 

Kafin ku fara musun ku tsayar da ƙa'ida, turmi 15 irin na zamanin Ali ko 12 na yanzu. Za su kawo maka maganar Larry Holmes, wai ya lallasa Ali a 1980, Tyson kuma ya kayar da shi a 1988. Ka gaya musu Ali na da shekara 38 a wancan daren, shi ma Holmes 38 gare shi ranar da ya haɗu da Tyson, bayan ya yi kusan shekara biyu bai yi dambe ba.