Tambaya da Amsa: Ina Barci Amma Gajiya Ta Ƙi Sakina

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Yawanci sai dare muke samun wuta, don haka nakan zauna kan keke har ƙarfe ɗaya, da kofin shayi a gefe. In na yi sallar Asuba sai in koma in kwanta har ƙarfe tara. Duk da haka kullum jikina a mace yake, bayan Azahar kuwa gyangyaɗi nake yi a kan aiki. Maiɗakina ta ce kasala ce kawai. Ko akwai maganin ƙarin kuzari da zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ka gaya wa uwargida ba kasala ba ce, kuma kada ka kai kuɗinka kemis tukuna.

In aka yi lissafi, daga ɗaya zuwa biyar awa 4 ne, daga shida zuwa tara awa 3. Ka ga ya kama awa 7, wato mafi ƙarancin abin da ake so baligi ya samu. A takarda ba ka da giɓi. Matsalarka tana ga lokacin da kake yin barcin, da abin da ke cikin jininka sa'ad da ka kwanta.

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa mai zagayen kusan awa 24. Cibiyarsa wani ɗan gungun ƙwayoyi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma da hasken da ke shiga ido yake saita kansa. In duhu ya yi, sai jiki ya fara sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, zafinsa ya ɗan sauka, hamma ta zo. In gari ya waye, sai a juya. Wannan agogo ne ya sa aka ba masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a 2017, bayan sun gano yadda yake aiki ta hanyar bincike a kan ƙananan ƙudaje masu bin 'ya'yan itace. Kai kuwa da tsakar dare kana ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, idonka na kan allura, kana gaya wa jikinka har yanzu rana ce. Da hantsi kuma, rana ta fito, yara na shirin makaranta, masu babur na ta kai-komo, kana roƙonsa ya ɗauka dare ne. Barcin da ake yi a haka yakan zo a yanke-yanke, shi ya sa kake tashi kai ya yi nauyi.

Sai shayi, wanda a ganina shi ne babban mai laifi. Sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikin ganyen shayi, kofi, goro da lemon ƙarin kuzari yana toshe saƙon gajiya ne kawai, ba ya kawar da gajiyar. Yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha ƙarfe sha ɗaya, kusan rabinsa na nan lokacin da ladan ke kiran assalatu. Mutane sukan ce mini, "Ai ni Likita ko na sha shayi barci nake yi." Haka ne, ido yana rufewa, amma barcin ba ya nisa, kuma barci mai nisan nan shi ke wartsake jiki. Shayin Buzaye da ake dafawa ya yi kauri a majalisa ya fi ma ƙarfi.

Gyangyaɗin bayan Azahar kuwa kowa yana da rabonsa, domin agogon jiki kan yi sanyi a wannan tsakanin ko mutum bai ci tuwo ba. Naka ya yi yawa ne saboda bashin dare. Kailula da iyayenmu suka riƙe ta dace da wannan lokaci sosai: minti 20 zuwa 30, kafin La'asar. In ta zarce haka sai ka tashi a ruɗe, daren kuma barci ya ƙi zuwa.

Mu a nan muna da wata gata. Gombe ba ta da nisa da layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, don haka fitowar rana ba ta sauyawa sosai tsakanin damina da hunturu, kuma Asuba ta riga ta yanka maka lokacin tashi kusan guda ɗaya duk shekara. Daga nan za ka ƙirgo baya. In ka kwanta ƙarfe goma, ka samu kusan awa 7 a jere, kailula ta ƙara maka. Kada ka yi tsalle ɗaya daga ƙarfe ɗaya zuwa can. Riƙa jawo lokacin kwanciya da rabin awa duk bayan kwana biyu ko uku. Bayan Asuba ka fito waje ido ya sha haske. Shayi ya tsaya daga La'asar.

Na san tambayar da ke bakinka: wutar fa? Raba aikin. Awo, yanka, sa maɓalli da guga da dutsen gawayi ba sa jiran wuta, a yi su da sanyin safiya. Abin da sai da inji, a tara shi zuwa farkon dare. In hali ya samu, ƙaramar sola ko keken ƙafa za su rage maka dogaro da wutar tsakar dare. Makon jajibirin Sallah dai ban isa in hana tela kwana a shago ba, amma kada ya zama haka shekara ke tafiya. A zafin Maris da Afrilu, ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ko ka shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro, domin jiki ba ya samun barci sai ya huce.

Gwada wannan tsari na mako uku zuwa huɗu. In gajiyar ta ƙi tafiya, ko uwargida ta ce kana minshari mai ƙarfi har numfashinka na ɗaukewa, ko kana yawan fitsari da ƙishirwa, ko ramewa, to ka je asibiti, ko na Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, a auna jininka, sukari da hawan jini. Ƙwayar barci da tiramol kuwa, kada wani ya ba ka su a bakin shago da sunan taimako.