Ajiye almakashin tukuna

Yaron da ya shekara biyu yana koyon ɗinki a hannuna ne ya tare ni bayan la'asar, a shagona da ke Birnin Kebbi. Wata Hajiya daga Badariya, wadda ta kusa hamsin ko ta ɗan gota, ta aiko da turmin atamfa da tsohuwar riga ta awo, ta kuma turo hoton wata yarinya a waya sanye da ɗinki mai kama jiki, ta ce irinsa take so. Yaron ya ce, "Maigida, a kan rigar zan yanka, ko a kan hoton?" Da wata rana ce, da na ce ya je ya yi guga. Amma ya taɓa mini wani tsohon miki, don haka na amsa masa.

Ajiye almakashin nan. Ajiye shi na ce, ba a kan atamfar ba, can kan benci. Ba za ka yanka a kan rigar ba, ba kuma za ka yanka a kan hoton ba. Hoton ma kada ka sake nuna mini shi. Yarinyar da ke ciki ba ta haihu ko sau ɗaya ba, ta riƙe numfashi aka ɗauka, wayar kuma ta rage mata ƙugu. Ku yaran yanzu kun mayar da waya malaminku. Ni da na koyi aikin nan, shekara uku na yi ina hura gawayin dutsen guga ina ɗinka maɓalli kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar ni na taɓa yadin mutane. Na buɗe shagona a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Kai shekara biyu, har kana tambayar inda za ka sa almakashi a turmin da ba ka san kuɗinsa ba.

Rigar awon ce abin tsoro, ba hoton ba. Hoto kowane wawa ya san ƙarya ne. Riga kuwa ga ta a hannunka, kana ganin kafaɗa, kana ganin hammata, sai zuciyarka ta kwanta. Mu a nan namiji ba ya zagaya matar aure da tef, saboda haka da rigar da aka aiko muke aiki. To wace riga ce mace takan aiko? Ba wadda take sawa kullum ba, don wannan tana jikinta ko tana cikin wanki. Takan buɗe akwati ta ɗauko wadda ta fi so, wadda aka yaba mata a wani biki shekara biyar da suka wuce. A ranta har yanzu jikinta ke nan. Ba ƙarya take yi maka ba, ita ma ba ta sani ba.

Ka ga ƙyallen nan da ke cikin durowa, wanda na hana ku share keke da shi? Ɗauko shi. Riƙe.

Watan Disamba ne na 2019. Tun Agusta gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, Kamba, garin da ke bakin iyakarmu, ta yi tsit, ita ba a ma sake buɗe ta ba sai 2022. Atamfar da ake shigowa da ita daga Kwatano ta yi wuya, kuɗinta ya tashi, kowace mace tana riƙe da turminta kamar gwal. Ga lokacin biki, ɗinki ya taru mini har kan kujerar baƙi. Sai ga 'yar aikin wata Hajiya da baƙar leda. Matar wani babban ma'aikaci ce, ba zan faɗi sunanta ba, ko unguwarsu ba zan faɗa ba, Allah ya san ta. Za ta aurar da ɗiyarta, wannan kuma shi ne kayan da uwar amarya za ta sa ranar ɗaurin aure. Riga da zani da ɗankwali, kwana huɗu.

Da na warware rigar awon, sai na ga ɗinkina ne. Na gane wuyan, don babu mai fitar da wannan wuyan a garin nan sai ni. Girman kai ya shige ni, na ce ai jikin Hajiya a hannuna yake. Ban tambayi kaina yaushe na ɗinka ta ba. Da na tsaya na tuna, da na san tun kafin zaɓen 2015 ne. Babu wuta a daren, na kunna fitilar caji, na shimfiɗa atamfar, na ɗora rigar, na zana da alli, na yanka. Ban juya bayan atamfar na duba ba, ban karanta rubutun bakinta ba, takardar da ake liƙawa a jiki kuwa babu ita, ban kuma tambayi dalili ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, na yanka daidai wa daida, ko yatsa ɗaya ban bari na rara a gefe ba, wai don ɗinkin ya kwanta.

Ya kuwa kwanta. Na yi aikin da har yau ina alfahari da shi, furen gaba ya haɗu da na hannu kamar a masaƙa aka yi shi haka. Ranar Laraba aka karɓa. Ranar Alhamis da hantsi sai ga mota a ƙofar shago. Hajiya da kanta, da ƙanen mijinta, da wata ƙawarta mai baki kamar reza. Hannun rigar ya tsaya a damtse, ko kafaɗa bai kai ba. Ta jefa mini ita a kan keke, a gaban yarana, a gaban mai shayin can. Na ce, "Hajiya, a kan rigar da kika aiko na yanka." Ta ce, "To ni ce tela? Kai da ka shekara kana mini ɗinki ba ka san mutum yana canzawa ba?" Ka ji fa. Kuma gaskiyarta a nan, shi ya sa bakina ya mutu.

Na duba ko zan buɗe gefe, babu abin buɗewa. Na ce zan ciro daga ɗankwali in sa ƙari a hammata, ƙawar ta ce uwar amarya ba ta sa faci. Sai aka zo kan kuɗi. Hajiya ta ce Super Holland ce, dubu 42 ta saya saboda boda a rufe take, ta rantse. Ƙanen mijin ya fara maganar hukuma. Ni kuwa ga kunya, ga jama'a sun taru, ga sunan da na yi shekara kusan talatin ina ginawa. Na ba da dubu 20 da ke cikin durowa, kuɗin ɗinkin wasu ne ma. Sauran na ce a ba ni mako guda. Na sayar da Butterfly ɗina, keken ɗinkina na biyu a shagon, wadda na fara aiki da ita, wadda ko allura ba ta taɓa karya mini a banza ba, na cika musu. Da za su tafi, ƙawar ta naɗe rigar da zanin ta sa a jaka, wai ai kayansu ne. Na biya kuɗin turmi, kuma turmin ya tafi. Ko kuɗin ɗinki ba wanda ya ambata. Wannan ƙyallen kaɗai ya rage a ƙasan tebur.

Bayan kamar wata biyu, wani abokina ɗan kasuwar Jega, wanda ya yi shekaru yana sarin atamfa, ya biyo ya sha shayi. Na ba shi labari, na miƙa masa ƙyallen. Bai ce komai ba, ya juya bayansa. Juya shi kai ma. Ka ga gaban ya yi jawur, bayan kuma ya koɗe? Atamfar Holland ta gaske, ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, rininta yana ratsa yadin, gaba da baya kusan ɗaya ne, sai ka duba da kyau kafin ka bambanta. A bakinta akwai sunan kamfanin da lambar zanen. Ya murza ƙyallen a cikin ruwan buta, ruwan ya yi ja. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce, "Malam, wannan 'yar China ce, an kwaikwayi zanen ne kawai. Da kuɗin da ka biya, da ka sayi irinta turmi bakwai ka yi canji."

Ban yi barci ba ranar. Ko ita ma cutarta aka yi a kasuwa? Na so in yarda da haka, har na kusa. Sai wata ranar kasuwa na hangi ƙaramar ɗiyarta, ƙanwar amaryar, sanye da rigar. Ɗinkina, wuyana, furen da na haɗa cikin dare da fitilar caji. Ta zauna mata cif kamar don ita aka yi. Matata ta ce in kai ƙara gaban alƙali. Da wace shaida? Na karɓi kaya daga hannun yarinya ba tare da kowa ya gani ba, na biya da hannuna ba wanda ya tilasta ni. Na bar ta da Allah. Amma ban yafe ba, kada ka ji ana cewa na yafe.

Shi ya sa kake gani duk turmin da ya shigo shagon nan, a gaban wanda ya kawo shi nake warwarewa, in juya bayansa, in faɗi sunansa da ƙarfi, in rubuta a littafi. Kuna dariya kuna cewa tsoho ya cika tsegumi. Tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe, kasuwa ta cika da kwaikwayo, har Kantin Kwari sai mai ido ke tsira. In Hitarget ce, atamfar nan 'yar China, ka ce Hitarget ce, ba abin kunya ba ne, tana da kyau daidai kuɗinta. Abin da ba zan yarda ba shi ne in karɓe ta Hitarget in biya ta Holland.

Yanzu jikin. Mace in ta wuce arba'in, ta yi haihuwa shida ko bakwai, ba ko'ina take ƙaruwa daidai ba. Kafaɗa tana nan yadda take, shi ya sa tsohuwar riga ke yaudarar mutum. Damtse ne ke cika, da ciki, da bayan wuya, ƙirji kuma yakan sauka. In ka ƙara faɗin riga baki ɗaya, kafaɗa ta zube, ta fito kamar ta aro. Ka bar kafaɗa, ka zurfafa hammata, ka buɗe hannu, ka sauke dat, wato ɗinkin da ke fitar da ƙirji, ƙasa kaɗan. Yadda ake sauke shi ba zan tsaya koya maka ba, in ba ka iya ba bayan shekara biyu ka koma sayar da rake. A kowane gefe ka bar rara yatsa biyu a ciki, ka goge ta ta kwanta. Ba mai gani, ranar da aka dawo da rigar kuma ita za ta cece ka.

Hannun riga kuwa, ka tuna matar nan sau biyar take alwala. In hannun bai naɗe ya wuce gwiwar hannu ba, sai ta tuɓe riga a gidan biki, kuma ba za ta sake kawo maka ɗinki ba, ba za ta ma gaya maka dalili ba. Za ta yi ruku'u da sujada, za ta zauna a tabarma wajen gaisuwa ta tashi, za ta hau Keke Napep. Wancan siket ɗin na hoto da ya matse gwiwa, da shi za ta yi duk wannan? Zif ma kada ka sa mata shi a tsakiyar baya har wuya. Da yawansu kafaɗa na ciwo, hannu ba ya kaiwa, ba kuma kowace ke son kiran jika ya zuge mata ba. Sa shi a gefe, ko ka buɗe wuyan yadda ba ya buƙata.

Sai shafi, yadin da ake sa wa riga daga ciki. Wannan mai sheƙin da kuke so don yana da arha, leda ce. A watan Afrilu garin nan zafi yana haura digiri 40, su kuma a shekarun nan akwai wani zafi da ke taso musu daga cikin jiki, ba sai na yi maka bayani ba, ka girma ka yi aure ka sani. Atamfa mai kauri ba ta son shafi sam. In leshi ne, nemi na auduga, ka gaya mata kuɗin ya ƙaru, za ta yi ƙorafi ta biya. Rabin matan da suka guje mu suka koma sayen abayar Dubai da dogayen rigunan kanti, ba don sun fi kyau ba ne. Yawancin rigunan an yanka su ne don dogayen mata, suna sharar ƙasa, nan suke kawo mini in rage tsawo. Matan sun gudu ne saboda teloli irinku sun matse su sun dafa su.

Zani kuma yadi biyu ba ya isar babbar mace. Biyu da rabi, ya zagaya ya rufe, ko ta zauna ba ya buɗewa. Cikin yadi shida ka fara cire wannan, sannan ɗankwalin da zai ɗauru da girma, abin da ya rage shi ne na riga. Ba a fara yanka riga a bar wa zani saura.

Game da hoton, ba za ka ce mata ya fi ƙarfin shekarunta ba. In ka faɗi haka ka kore ta, ka kori ƙawayenta goma. Duba abin da ya burge ta a ciki, galibi wuyan ne ko aikin duwatsun hannu. Ɗauko shi ka ɗora a kan ɗinkin da ya sake daga ƙirji zuwa ƙasa. In ta saka aka ce Hajiya kin koma yarinya, ta manta da hoton.

Naɗe atamfar ka mayar cikin ledarta, har da rigar. Hau keke ka je Badariya, ka yi sallama daga zaure, ka ce maigida yana gaisuwa, ya ce a ba ka rigar da Hajiya ta sa ranar Juma'ar da ta wuce, ko ba a wanke ba. Ka ce kuma a faɗa maka sunan atamfar da inda aka saye ta, ka rubuta a gaban wanda ya fito. Ba ni ƙyallena. In za ka dawo ka biya ka sayo gawayi na ɗari biyar, kuma kada ka tsaya kallon ƙwallo a hanya.