Me ya kai jami'an tsaro farautar masu satar fasaha?

Malam, ka tambaya wai meye laifi in hukumomin tsaro sun shiga kama masu satar finafinai da waƙoƙi a intanet, tunda ɓarawo ɓarawo ne. Toh ni sana'ata kenan, haɗa wa mutane shafuka da kula da sabar da suke kai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan, kuma bana goyon bayan satar fasaha ko kaɗan, wanda ya zuba kuɗinsa da guminsa yana da haƙƙi. Amma wa zai bi masa haƙƙin kuma ta wace hanya, nan ne gizo yake saƙar.

Yadda muka saba, mai haƙƙi ya turo takarda yace fayil kaza nawa ne, sai in sauke shi in sanar da mai shafin, in yana ganin ƙarya ne ya maido amsa, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai kotu. Kuma wlh ƙorafin ƙarya yana da yawa, na taɓa samun wanda aka turo kan waƙar da mai shafin shi ya rera ta da bakinsa, na'ura ce kawai taji ta yi kama da wata. Muka maida amsa aka janye. Hukumar tsaro bata aiki haka, ita ƙwacewa take fara yi, bayani sai daga baya in an ga dama.

Duba Amurka. Ma'aikatar tsaron cikin gida an kafa ta ne bayan harin 11 ga Satumba 2001 saboda ta'addanci da tsaron iyaka, amma a 2010 hukumar shige da fice da kwastam ɗinta, ICE, ta fara ƙwace adireshin shafuka, kuma a harabar kamfanin Disney aka sanar da shirin, kaga tun daga nan ka san wa ake yi wa aiki. A Nuwamban shekarar sun ƙwace guda 82 lokaci ɗaya. Ka buɗe shafin sai dai kaga tambarin hukuma da gargaɗin ɗauri. Abun yana musu sauƙi ne don duk adireshin da ya ƙare da .com ko .net yana hannun Verisign, kamfanin Amurka, ko da kai da sabarka kuna wata ƙasa.

Cikin 82 ɗin nan akwai Dajaz1, shafin waƙoƙin hip hop. Sama da shekara guda yana rufe, lauyansa ko takardun shari'ar an hana shi gani, sai a Disamba 2011 aka maido shi ba tare da an tuhumi kowa ba, alhali waƙoƙin da ake magana a kai masu tallata mawaƙan ne suka turo masa da kansu don ya yaɗa. Wanda ya san harkar nan ya san shafin da ya shekara a rufe ya mutu, masu karatu sun watse, masu talla sun gudu, wa zai biya shi? Rojadirecta ma, shafin kallon wasanni na ƙasar Sifen, kotunan can sun riga sun ce bai karya doka ba, amma aka ƙwace a 2011 aka maido a 2012.

Zaka ce ai da sa hannun alƙali suke yi, kuma akwai dokar 2008 da ta basu dama. Haka ne, amma alƙalin ɓangare ɗaya kawai yaji, mai shafin bai ma san ana yi ba. Sanata Ron Wyden yayi ta ƙorafi kan haka tun lokacin.

Na Megaupload kuwa, shafin da mutane ke ajiye fayiloli, a Janairun 2012 har da jirage masu saukar ungulu aka dira gidan mai shafin, Kim Dotcom, a New Zealand, daga baya ta fito fili hukumar leƙen asirin ƙasar ta sa masa ido ba bisa doka ba, har firaministan lokacin John Key ya bada haƙuri. Ni ban ce Dotcom waliyyi bane, amma mutane da yawa da suka ajiye hotunansu da ayyukansu na halal a sabar nan rana ɗaya suka wayi gari babu hanyar ɗauko kayansu, kuma ba wanda ya tuhume su da komai.