Hoton Baba a jikin riga

Mai sunan Baba, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi har sau biyu, don idona ya daina ganin ƙananan rubutun nan na waya. Wai kuna so ku buga hoton kakanku da kakin soja a jikin riguna, ku taru ranar 15 ga Janairu tunda ya cika shekara talatin da rasuwa, kana tambayar ko al'ada ta yarda, kuma "Saje" za a rubuta a ƙasan hoton ko "Malam". Na yi dariya sosai, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Baba a ƙirjin samari da 'yan mata! Mutumin da sai an yi ta lallashi kafin ya tsaya gaban mai hoto.

Ranar da kuka zaɓa ma ba ta yaƙinsa ba ce. Ita 15 ga Janairu da ake tuna mazan jiya yanzu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare ce a 1970, a da kuwa 11 ga Nuwamba ake tuna su. Shi yaƙin Burma ya je. Daga Ikko aka zuba su a jirgin ruwa a 1943, suka kewaye ƙarshen Afirka har Bombay, daga nan aka kai su dajin kogin Kaladan su kara da Japanawa. Babu hanyar mota, a ka ake ɗaukar kaya, abinci kuwa jirgin sama ke jeho musu. Sai 1946 ya dawo. In ka je Kaduna ka ji ana cewa barikin Kalapanzin, sunan wani kogi ne na can. Duk wannan a bakin abokansa na tsinta in sun zo hira zaure, shi ba ya zancen.

Sau ɗaya tak ya yi mini. Ina da shekara tara ko goma, Inna ta aike ni ɗakinsa in ɗauko mata allura. Akwai baƙar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, rigima ta sa na buɗe. Can ƙasan riguna na tarar da wani ƙulli, na kwance, sai ga lambobi. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe shuɗi da ratsin ruwan goro. Na maƙala ta a gaban rigata, na manta da allura, na fito zaure ina buga ƙafa, ina "lef, rai, lef, rai".

Lokacin Yaƙi da Jahilci ne, bayan la'asar zauren namu aji yake komawa. Magidanta ne zaune a tabarma, wasu da furfura a gemu, kowa ya riƙe fensir kamar ya riƙe fartanya. Suka tuntsire da dariya, wani maƙeri har ya miƙe ya sara mini. Baba na tsaye jikin allo da alli a hannunsa, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "A tashi, sai gobe." Ban taɓa ganin ya sallami aji kafin lokaci ba, ko ana ruwa. Na ce yau dorina ta same ni.

Da suka watse ya zaunar da ni a dokin ƙofa, ya cire lambar a hankali, tsinken har ya soke shi a yatsa. Ya ɗauki kara ya rubuta "a" da "ba" a ƙasa. Ya ce shi a laka ya koye su, cikin rami, da tsinin banati. Wani ɗan Zazzau da ya yi elementare ne ya koya masa, shi ne kuma ke rubuta wa kowa wasiƙar gida. Wata safiya wajen ƙetare ruwa aka harbe shi. A bargo suka naɗe shi, ba likkafani, suka binne shi a gurguje suka wuce. Baba ya ce, "Ba a yi masa uku ba, balle bakwai ko arba'in. Duk wanda na koya wa harafi, na roƙi Allah ladan ya je masa." Ya mayar da lambar cikin ƙullinta, ya ce in kai wa Inna allurarta. Har ya shiga koyarwa a firamare, har ya yi ritaya, ban sake ganin ƙullin a buɗe ba.

Inna takan ce mamaci ba ya ganin ado, addu'a ce tufarsa. Shi kuma Baba bai gajiya da maimaita hadisin nan, cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Ranar zaman makokinsa har layin baya aka shimfiɗa tabarmi. Tela, magatakardan kotu, direba, kowa ya durƙusa sai ya ce, "Shi ya buɗe mini ido." Tsofaffi biyu ne kaɗai na ji sun ce Saje, su ma a can suka san shi.

Ku kuwa yanzu sai a sa hoto a Facebook, mutum ɗari su danna amin da babban yatsa, an gama. Ba ina kushe ku ba ne, na ji daɗi da kuka tuna shi. Amma a cikinku wa ya taka ya gaida matar amininsa, da ke nan da ranta, ido ya tafi? Mu da ƙafa aka tura mu kowace Juma'a.

Zancen halacci ka tambayi malamai, ni ba zan yi fatawa ba. Abin da ke damuna shi ne riga tana koɗewa, wata rana in shigo gidanku in tarar ana goge mota da fuskar ubana. Batun suna kuwa, Inna ta yi shekara arba'in da wani abu a ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take cewa.

Akwatin tana wurina. Bayan lambobin akwai wani littafi mai bangon kwali da ya rubuta sunayen ɗalibansa na zaure, sunan ɗan Zazzau ɗin ne a shafin farko. Ka zo da Sallah tare da 'yan uwanka ku karanta mini shi. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce ina jiran ta ita ma.

Gwaggonka.