Batun bincikenka yana kwance a gadon majinyaci

Ƙanena likita, ka tambaye ni ko ka jira sai ka samu gurbin karatu a Ingila ko Amurka kafin ka fara bincike na kirki, tunda a cewarka asibitinmu ba shi da injinan da ake manyan bincike da su, ga kuma kwalejin likitocin tiyata tana jiran kundinka kafin jarrabawar ƙarshe. Amsata ita ce kada ka jira.

Bari in ba ka labarin Denis Burkitt. Likitan tiyata ne a asibitin Mulago da ke Kamfala a Uganda. A 1957 aka kira shi ya duba wani yaro da muƙamuƙansa suka kumbura. Ba a daɗe ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi. Likitoci da yawa sun sha ganin haka sun wuce, shi kuwa ya koma ɗakin ajiyar fayil ya tono tsofaffin katunan yara, a 1958 ya buga rahoto cewa wannan sankara ce mai zaman kanta. Daga nan ya aika takardun tambaya ɗauke da hotuna zuwa asibitocin Afirka, a 1961 kuma shi da abokan aikinsa biyu suka shiga mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000, asibiti bayan asibiti, suna tambayar inda ake ganin cutar da inda ba a gani. Taswirar da ya zana ta nuna cutar tana bin ƙasashe masu zafi da damshi, tana ƙaurace wa tuddai masu sanyi, wato tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. A 1961 ɗin nan wani masanin ƙwayoyin cuta mai suna Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan, ya roƙe shi samfurin tsokar. Daga cikinta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, bairos na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Injin yana Landan, amma idon da ya fara lura yana Kamfala.

In ka ce wannan ya yi nisa, to leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina. Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, aikin kuturta ya kawo shi, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Ya kama aikin gyara, kuma kowace mace ya yi wa tiyata sai ya rubuta girman ramin, inda yake, irin ɗinkin da ya yi da yadda aka ƙare. Wannan rubutu ne ya ba shi hujjar cewa in aka saka robar fitsari da wuri, tun ramin yana sabo, wasu matan suna warkewa ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. A da sai a ce mace ta koma gida ta jira wata uku.

Yanzu kai. A ɗakin kwanciyar yara akwai masu hujewar hanji saboda taifot, ka san yawansu ya fi ƙarfin a kira shi tsautsayi. Kwana nawa suke yi a gida kafin a kawo su? Wanda aka ɗinke masa ramin da wanda aka yanke ɓangaren hanjin, wa ya fi saurin tashi? Ciwon wa ya yi mugunya, na wa ya buɗe? Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa ba ma iya amsawa, don katin ya ɓace ko an rubuta layi biyu an tashi. Yaron da za a kawo baɗi zai sha wahalar da na bana ya sha, alhali muna iya rage masa ita.

Ka zaɓi tambaya ɗaya tak, wadda za ka iya amsa ta cikin shekara guda da majinyatan da ke hannunka. Ka zauna da masanin ƙididdiga tun kafin ka fara tattara bayani, shi zai faɗa maka mutum nawa kake buƙata. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a mai tantance binciken da za a yi a kan mutane, kuma ka yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji kafin su sa hannu. Wanda ya rasu ka rubuta shi kamar yadda ka rubuta wanda ya warke, ko da a hannunka ya rasu.

Ranar Alhamis bayan zagayen duba majinyata ka zo ofishina da rajistar ɗakin tiyata ta shekara biyu da suka wuce, mu ƙirga masu hujewar hanjin tare.