Garin rage fotasiyam da hanjin wanda aka yi wa dashen ƙoda

Tambaya: Likita, an yi wa yayana dashen ƙoda kwanan nan. Gwaji ya nuna fotasiyam ɗinsa ya kai 5.9, aka rubuta masa garin Kayexalate. Na ji ana cewa yana iya lalata hanji. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya. Gaskiya ne, kodayake ba kasafai yake faruwa ba. Fotasiyam wani sinadari ne da ke cikin jini. Na lafiyayyen jini yana tsakanin 3.5 da 5.0, kuma yakan hau bayan dashe saboda magungunan da ba a iya bari, irin su tacrolimus (mai hana jiki ƙin sabuwar ƙodar) da Septrin (maganin ƙwayoyin cuta).

Kayexalate yana aiki ne a babban hanji, ya kama fotasiyam ya fita da shi ta bayan gida. Ana ba da giram 15 ta baki, ko giram 30 zuwa 50 ta dubura. Matsalar na tasowa idan hanji ya yi sanyin motsi, kamar bayan tiyata, ko saboda maganin zafi dangin mofin. Sai garin ya daskare a bangon hanji, jini ya kasa isa wurin, naman ya mutu, wani lokaci har ya huje. An fi ganin haka idan an haɗa shi da sobitol, wani maganin sa bayan gida, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan haɗin a 2009.

Abin da ya fi damuna shi ne, magungunan rage garkuwar jiki, musamman prednisolone, suna ɓoye zazzaɓi da zafin ciki. Don haka ko ɗan ciwon ciki ne, ko kumburi, ko jini a bayan gida, ko ya daina fitar da iska, ku dakatar da garin ku kai shi asibiti a ranar.

Ku gaya wa likitansa ko yana yin bayan gida kullum. Ku tambaya ko za a iya amfani da patiromer ko Lokelma, wasu magungunan rage fotasiyam, ko a gyara adadin tacrolimus. A bar tazarar awa 3 tsakanin garin da sauran magungunan da yake sha. Idan fotasiyam ya haura 6.5, gari bai isa ba. Sai allurar kalsiyam, insulin da gulukos ta jijiya, ko wankin ƙoda. Ban da dakatar da garin idan alamun da na ambata sun bayyana, kada ya bar kowane magani da kansa, domin yawan fotasiyam yana iya tsayar da zuciya.